Magunan Unguwa: Buhu, Guba Ko Fiɗiya?

Maganar da zan kawo a wannan fitowa wasu za su ce ba ta kai a ɓata mata takarda ba, domin maganar mage ce. To a yi haƙuri a karanta, saboda abin da ake yi wa maguna a lungunanmu ya taɓa rumbunmu da lafiyar 'ya'yanmu, kuma yana cikin abin da za a tambaye mu gobe ƙiyama.

Kowa ya san yadda abin yake a nan Bolewa. Da dare ya raba sai muzurai su kaure da faɗa a kan kwano, ka rantse jariri ne yake tsala kuka. Gari na wayewa mai kiwon kaji ta ƙirga 'yan tsakinta ta ga babu uku, mai tantabaru ya tarar da gashi a bakin ɗakinsu. Bayan wata biyu kuma a fara jin kukan jariran mage a cikin silin, ko ƙarƙashin tarin itace, ko a kangon da mai shi bai ƙarasa ginawa ba. Waɗannan maguna ba su da mai su. Ba sa yarda a taɓa su, a bola suke ci, a kwata suke sha, kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Magani biyu muka saba da su. Na farko shi ne buhu: a tattara jariran, wani lokaci har da uwar, a ɗaure baki, a ba yaro ya kai bayan gari ko bakin kasuwa ya yar. Na biyu shi ne guba, a barbaɗa maganin ɓera a kan kifi a ajiye a bayan ɗaki. A wasu ƙasashe kuwa an daɗe da bin hanya ta uku. Ana ɗana keji mai ƙofar da ke rufe kanta, a sa ɗan abinci a ciki. In mage ta shiga sai a kai ta wurin likitan dabbobi, ya yi mata allurar barci. In muzuru ne a fiɗiye shi, in mace ce a yi mata tiyata a cire mahaifa. Sai a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, a ɗan datse ƙarshen kunne ɗaya don a gane an riga an yi mata, bayan kwana ɗaya ko biyu a mayar da ita daidai inda aka kama ta. Italiya ta sa wannan a doka tun 1991, inda ta hana kashe magunan titi, ta ce a hana su haihuwa a mayar da su wurinsu. Turkiyya ma ta yi irin wannan doka a 2004, kuma duk wanda ya taɓa ganin hotunan birnin Istanbul ya ga yadda maguna ke kwance a ƙofar shaguna da harabar masallatai babu mai tsangwamar su.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: da wane iko ɗan Adam zai kama halittar da ba ta yi masa laifin da ya wuce neman abinci ba, ya sa mata wuƙa, ya yanke mata zuriya? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma masu yin ta ba jahilai ba ne.

Hujjarsu ta farko daga Alƙur'ani take. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, an ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha cewa zai umurci mutane su tsattsage kunnuwan dabbobi, su kuma canza halittar Allah. Wasu daga cikin magabata sun fassara wannan canza halitta da fiɗiya. Imamu Malik ma ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar (RA) ya kasance yana ƙin a yi wa dabba fiɗiya. Saboda haka wanda zuciyarsa ta yi nauyi da wannan aiki yana da madogara, bai kamata a yi masa dariya ba.

Sai dai malaman mazhabarmu ba su tsaya nan ba. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid ya ji inda aka ce babu laifi a fiɗiye awaki da tumaki saboda gyaran namansu, amma an hana fiɗiye dawakai. An kuma ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu. Mu da muke zaune a garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma ba sai an yi mana dogon bayani ba. Kowace Laraba taure nawa da fiɗiyayyen sa nawa ake cinikinsu a kara? Shanun huɗa nawa ne a gonakinmu da ba a dandaƙe ba? Babu wanda ya taɓa tayar da jijiyar wuya a kan wannan. Abin da malamai suka duba shi ne dalili: in akwai maslaha ta gaskiya an yarda, in wasa ne ko mugunta an hana. To in an yarda a fiɗiye bunsuru don namansa ya yi mana daɗi, wanda amfanin namu ne mu kaɗai, yaya za a ce an haramta aikin da ita kanta magen tana cikin masu cin moriyarsa?

An taɓa yi wa Shaikh Ibn Usaimin na Saudiyya, wanda ya rasu a 2001, wannan tambaya a kan maguna. Amsar da ya bayar gida biyu ce. In magunan sun yi yawa suna cutarwa, kuma aikin ba zai cutar da su ba, to babu laifi, don ya fi a bari a haife su sannan a kashe. In kuwa ba su yi yawa ba kuma ba sa cutar da kowa, barin su su hayayyafa ya fi. A lura da kashi na biyun nan da kyau. Izinin na lalura ne, kuma lalura gwargwadonta ake ɗauka. Batun kunne kuwa, tsagar da ayar ta la'anta ita ce wadda mushirikai ke yi don keɓe dabba ga gumaka. Yi wa dabba shaida don a gane ta abu ne daban, kuma Anas ɗan Malik (RA) ya ba da labarin ya tarar da Annabi (SAW) da kansa yana yi wa dabbobi shaida a garke. Ɗan datsin da ake yi wa magen tana cikin barci shi ne zai hana a sake kama ta a sake buɗe mata ciki a banza.

Hujja ta biyu ita ce wadda aka fi ji a majalisa da zauren mata: a bar su mana yadda Allah Ya yi su, ai bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, kuma zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne arziƙi na Allah ne. Amma mu tambayi kanmu, shin da gaske barin su muke yi? Ba a daji magunan nan suke ba. Ragowar tuwon da muke zubarwa a bakin kwata, da kayan cikin kaza, da ƙashin kifi, da ɓerayen da hatsinmu ya tara, su ne suka kira su suka kuma yawaita su. Da yawansu ma jikokin magunan gida ne da aka ɗauko suna ƙanana don yara su yi wasa, da suka girma aka kore su. Hannunmu yana cikin rayuwarsu tun daga farko, ko mun so ko mun ƙi.

Sannan a duba lissafin. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida. Cikinta mako tara ne kawai. Tana iya haihuwa sau biyu, har sau uku a shekara, kowace haihuwa uku, huɗu ko biyar. In da duka suna rayuwa da tuni ba mu da wurin taka ƙafa. Abin da ya sa ba mu ga haka ba shi ne mafi yawansu mutuwa suke yi. Wani bincike da aka yi a jihar North Carolina ta Amurka, aka buga a 2004, ya gano kashi 75 cikin 100 na 'ya'yan magunan titi suna mutuwa ko su ɓace kafin su cika wata 6. Can ke nan fa, inda ake da wadatar abinci da likitoci. Mu nan mun san inda suke ƙarewa: wasu yunwa, wasu ruwan damina ya tafi da su a kwata, wasu ƙarƙashin tayar Keke Napep, wasu a hannun yara masu jifa. To wanda ya ce a bar su, abin da ya zaɓa ke nan ko da bai sani ba. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Yanzu mu auna magungunanmu biyu na gado da ma'aunin da muka auna fiɗiya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage yana cikin Bukhari da Muslim, kuma kusan duk yaron Islamiyya ya san shi. Laifinta shi ne ta tsare magen, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. To jaririn mage da idonsa bai fi kwana goma da buɗewa ba, wanda sai ya kusa wata biyu yake iya rabuwa da nono, in aka ɗaure shi a buhu aka yar a rana, me ya raba wannan da aikin waccan mata? Bambancin kawai mu ba ma tsayawa mu ga ƙarshen abin. Ita kuma uwar, da an raba ta da 'ya'yan, ba a jimawa take sake neman muzuru, buhu na gaba ya riga ya kama hanya.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtaka a ciki. Iyayenmu da kakanninmu fatauci da neman ilimi suka kawo su garin nan, Bolawa da Ngizim da Karekare suka karɓe su, aka ba su wurin zama, aka yi auratayya. Wanda ya ɗauki buhun maguna ya kai Dogo Nini ko Dogo Tebo ya zazzage, damuwarsa ya kwashe ya jibga wa wani. Shi ma na can gobe zai aiko yaronsa da nasa buhun. Haka za a yi ta yi, magunan na zagaya gari, babu abin da ya ragu sai mutunci.

Guba kuwa ta fi muni. Mutuwa ce ta azaba, kuma guba ba ta san wanda aka ajiye ta dominsa ba. Kaza za ta ci, akuyar maƙwabci za ta lasa, yaro mai rarrafe ma yana iya kai hannu, Allah Ya kiyaye. Ko an yi nasarar kashe magunan lungu kaf, muddin bolar na nan wasu za su shigo daga wata unguwa su gaje wurin. Kafin su iso kuwa ɓeraye sun samu sake. Garinmu garin hatsi ne, kusan kowane gida akwai buhun gero ko wake ko dawa a jingine. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno, nan kusa da mu, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarinta na kare kai daga wannan cuta, bayan rufe hatsi da nisanta bola da tsabtace gida, har ajiye mage ta ambata. Ashe mage ma'aikaciya ce a unguwa, ko da ba a biyan ta albashi. Burinmu kada ya zama ƙarar da su. Abin nema shi ne adadin da unguwa za ta iya ɗauka, masu lafiya, waɗanda ba sa hana mutane barci.

Hujja ta uku ita ce ta fi ƙarfi a wurina, kuma ba na son a yi mata amsar gatse. Mutum zai ce: Malam, a unguwar nan akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba yau, akwai marayu, akwai wanda ya kasa sayen maganin zazzaɓi, kai kana maganar yi wa mage tiyata? Wallahi yana da gaskiya. Ɗan Adam ne a gaba, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin maganin yaro a kai asibitin dabbobi. Zakka ma gida takwas aka ambata mata, babu mage a ciki. Amma tausayi ba kamar gari a kwano yake ba da za a ce in an ɗiba wa mage na yaro ya ragu. Addinin da ya ba mu labarin matar da ta halaka saboda mage shi ne ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi. Masu tarihi sun kawo cewa Sarkin Misra Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da magunan da ba su da masu su, alhali akwai matalauta a birnin a lokacin. Kuma ga abin da muke gani da idonmu: yaron da ya saba ɗaure wa mage igiya a wuya yana ja manya na dariya, da wuya ya tashi da tausayin na ƙasa da shi. Bayan haka, mafi yawan abin da ake nema a wurinmu ko sisi ba ya ci.

Kada kuma a yaudari kowa cewa fiɗiya maganin nan take ne. Masu bincike sun nuna sai an yi wa mafi yawan magunan wuri, kamar uku cikin huɗu ko fiye, kafin adadi ya fara sauka. A wata jami'a da ke jihar Florida ta Amurka an bi wannan tsari shekara 11, adadin magunan ya ragu da kashi 66 cikin 100, amma kusan rabinsu mutane ne suka ɗauka suka kai gida suka riƙe. Fiɗiye muzuru ya fi sauƙi da araha, yana rage faɗa da kukan dare da warin fitsari, sai dai muzuru ɗaya da ya tsira ya ishi matan lungu duka, don haka aikin gaske a kan mata yake. Sannan magen da aka yi wa aiki ba ta zama kyanwar Lami ba. Za ta ci gaba da kama ɓera, za ta kuma ci gaba da harin 'yan tsaki, saboda haka mai kaji sai ta gyara akurkinta.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne halaccin aikin yana rataye da yadda aka yi shi. Daga lokacin da ƙofar keji ta rufe, magen nan ta zama tsararriya a hannunka, kuma hadisin matar nan ya hau kanka har sai ka sake ta. Ba za ka bar ta a keji cikin zafin watan Afrilu ba, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a garin nan. Ba za ka kama mai shayarwa ka bar jarirai a silin suna kuka ba. Ba za ka ba wani mai ƙarfin hali reza ko roba ya yi mata irin ta bunsuru ba. Buɗe cikin mage aikin likita ne, da allurar barci da kayan aiki masu tsabta, in babu waɗannan to a bar ta ya fi alheri. Bayan an yi, inda aka kama ta za a mayar da ita, don nan ta san maɓoya da wurin ruwa, a kuma sa ido a kan ɗinkin kwana biyu. Wanda ba zai iya cika waɗannan ba kada ya fara. Mai kamawa shi ma ya kiyaye kansa, kada ya sa hannu tsirara. In mage ta cije shi ko ta yakushe shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin ciwon haukan kare mage ma tana ɗaukar sa, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tsira.

To daga ina za mu fara? Daga abin da ba ya buƙatar kuɗi. Mu yi alkawari tsakaninmu cewa buhu da guba sun ƙare a lungunanmu, limamai su taɓo maganar bayan sallah, malaman Islamiyya su faɗa wa yara. Iyaye mata su rufe ragowar abinci, a daina zubar da kayan ciki a bakin kwata, a rufe yashin da yara ke wasa a kai don kashin mage na ɗauke da ƙwayar cutar da ke iya taɓa ɗan tayi a cikin mai juna biyu. In mage ta haihu a gidanka, yi haƙuri da ita wata biyu, sannan ka nema wa 'ya'yan masu so tun suna ƙanana suna sabo da hannu. Masu shagon hatsi da masu sito da yawa nema suke. Wanda yake da magen gida kuma yana da hali, ya fara da tasa, don ita ce tushen na titi. Bayan nan matasan unguwa, da izinin mai unguwa, su zagaya su ƙirga magunan lungu ɗaya tak, su je asibitin dabbobi su ji kuɗin aiki da ranar da likita zai samu dama, sannan a kawo wa masu hali lissafi su ga abin da za su iya. Lungu ɗaya da aka gama ya fi goma da aka taɓa aka bari, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada (RA) ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, ya kuma shaida wa surukarsa da ke mamaki cewa Annabi (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Wanda aka lissafa cikin mutanen gida yana da haƙƙi a kan masu gida. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da Ya sa a ƙarƙashin hannunmu, mai magana da marar magana, Ya kuma zaunar da unguwarmu da garinmu lafiya. Amin.